Rigar da Yaya take ɗinkawa a baibai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, sha ɗaya ga watan nan, aka kira ni aka ce kin faɗi a gaban keken ɗinkinki, Yaya. Kafin in isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ina rubutun nan raina a ɓace. Hukuncin Allah na karɓe shi, da danginmu nake fushi.

Lokacin da ɗana Auta ya shekara uku ba ya magana, ba ya haɗa ido da kowa, yana yage duk rigar da aka sa masa yana ihu, kowa ya zama likita. Wannan ya ce aljanu ne, wancan ya ce ni na sangarta shi, bulala ce maganinsa. Ke kaɗai kika raka ni asibiti, muka ji sunan abin: otizim. Likita ya ce fatarsa da kunnensa suna jin abu fiye da namu. Da muka dawo kika shafa cikin rigarsa, kika ce, "Ashe bakin ɗinkin nan ne yake cin sa."

Tun daga ranar kike yi masa riga a baibai, ɗinki a waje, ciki sumul. In ya shigo shagonki, komai yawan aiki sai ki tsayar da keke saboda ƙararsa, ki zauna gefensa yana jera maɓallai. Ba ki taɓa kama haɓarsa kin ce ya dube ki ba. Da rigarki ya fara zuwa makaranta.

Jiya da aka taru yi mana gaisuwa, Gwaggo ta hango shi, ta ce, "Kai, riga a baibai cikin mutane?" Ta cafke shi, ta tuɓe, ta juya, ta zura masa. Ya yi ta buga kai da bango har goshinsa ya fashe. Waɗanda suka zo yi miki kuka suka ce ashe har yau aljanun ba su sake shi ba. A gabansu na mayar masa da rigar yadda kika ɗinka ta. Gwaggo, ban yafe ba tukuna.

Iyaye, in ɗanku yana ihu, ku nemi abin da yake cin sa kafin ku nemi bulala.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya sa makwancinki ya yi laushi kamar cikin rigar Auta. Allah ya ba mijinki da 'ya'yanki haƙurin rashi. Ni kuma a sa ni a addu'a: rigar ƙarshe ta fara matse shi, kuma ban iya ɗinki ba.