Ranar da Fitona Ya Dawo

A masaƙar da na yi aiki a Kakuri cikin shekarun tamanin, kunne ba shi da wani amfani. In injunan saƙa suka tashi, ko a kunnenka mutum ya ɗora bakinsa ba za ka ji abin da yake faɗa ba. Da fito muke kiran juna. In mutum ya waigo, sai ka wage baki ka furta maganar, shi kuma ya karanta a leɓenka. Ni ne mai kula da layi guda na injuna, kuma ba yabon kai ba, fitona har ƙarshen zauren yake kaiwa.

Wata safiya ina alwala, na kurkure baki, sai ruwan ya tsiyayo ta gefen hagu ya jiƙa mini riga. Na ɗauko madubin matata. Innalillahi! Bakina ya karkace ya yi dama, idon hagu ya ƙi rufuwa, rabin fuskar nan ya kwanta kamar ba nawa ba.

Da taurin kaina haka na tafi aiki. Zare ya tsinke a injin wani ma'aikaci bai lura ba, na haɗa leɓe zan yi fito, sai iska da yawu kawai. Da na samu ya dube ni na yi ta motsa baki, yana girgiza kai, har yadin ya lalace. Foman ɗinmu, wato shugaban ma'aikatan zauren, ya ja ni waje.

“Malam, ka san lokacin da muke ciki, rage ma'aikata ake yi. Mai layin da ba a gane bakinsa, yaya zan yi da shi? Na ba ka wata biyu.”

Na gane nufinsa: in bakin bai warke ba, sallama ce. 'Ya'yana huɗu, ga mahaifiyata a hannuna. Wallahi na ji tsoro.

A gida kuwa Inna, wato mahaifiyata, ta riga ta gano masu laifi. “Ban hana ka fiton nan tun kana yaro ba? Ka yi ta kiran mutanen ɓoye, ga shi sun amsa, sun shara maka mari.” Ta cika ɗakina da hayaƙi, har idon da ba ya rufuwa ya yi jawur.

Maƙwabciyarmu a Barnawa, wata nas 'yar Filato da kowa ke kira Sista, ita ta tasa ni gaba sai asibiti. Likita ya ce jijiyar fuska ce ta kwanta, ya ba ni ƙwayoyi, ya mai da ni hannun Sista. Ta zaunar da ni a gaban madubi.

“Ɗaga gira, Malam. Cika kumatu da iska, kada ta fita. Yanzu ɗaga kai ka kalli silin, turo haɓa gaba sai ka ji jijiyoyin wuyanka sun miƙe.”

Na ce, “Haba Sista, da girmana? Wannan ai wasan biri ne.”

Ta ce, “To zauna da girman naka, a ba wani layin.”

Na so in tanka, bakin ya ƙi ba ni haɗin kai. Dole na ɗaga kai na kalli silin.

Sau uku a rana nake yi. In zumɓura baki, in ja shi baya kamar mai murmushin dole, in tallafe ɓangaren da ya mutu da yatsa. In hura ruwan kofi ta bututun biro. In tauna cingam da muƙamuƙin hagu har ya yi tsami. Na ƙarshe shi ne gwada fito, kuma nan rigima take, don Inna ta rantse ba za a yi mata fito a gida ba. Saboda haka bayan la'asar sai in nufi bakin layin dogo da guntun madubi a aljihu, in tsaya ina zumɓura wa sama baki. Mata masu dawowa daga kasuwa da doya a ka sukan kauce mini. Na ji wata tana cewa, “Wayyo, ga shi da tsabtarsa.” Na harare ta da ido ɗayan da ke jin magana.

Mako uku babu ko alama. Na jefar da madubin cikin ciyawa don haushi, na yi tafiyata, sannan na dawo na tsuguna ina nemansa. A mako na huɗu gefen leɓena ya ɗan motsa. Na ruga gidan Sista ko sallama ban yi ba, na tsaya tsakar gida ina nuna mata. Ta ajiye muciya ta yi shewa. A mako na shida wani siririn sauti ya fito, irin na butar shayi in ta fara tafasa. Inna ba ta sani ba, ni kuwa ban ga dalilin faɗa mata ba.

Saura kwana uku wa'adin ya cika na shiga zauren lokacin aikin safe. An riga an ɗora wani a layina na wucin gadi. Injuna suna ta ruri, foman yana can ƙarshen zaure ya ba ni baya, yana duba wani yadi. Na jiƙa leɓe, na ja numfashi, na saki fito.

Kai! Ni kaina sai da na razana. Layi uku suka waigo a tare. Foman ya juyo ya ɗaga mini haɓa, wato mene ne? Sai a lokacin na tuna ban shirya abin faɗa ba. Na wage baki, a hankali, ina jin kowace jijiya tana amsawa: “Na zo karɓar layina.”

Daga can nesa na ga bakinsa yana maimaita maganar kalma bayan kalma. Ya tuntsure da dariyar da ba mai jin ta, ya yafito wanda aka ɗora a wurina. Sannan ya dube ni ya wage nasa bakin: “To me kake jira?”