Mai Share Fage a Gayyar Zauro

Yayana makaɗin noma ne, kuma tun garinmu yana cikin jihar Sakkwato ni da shi muke gardama a kan abu guda, har ya bar duniya ba mu daidaita ba. Ni na ce abin da ya yi ranar gayyar Babanmu daidai ne. Shi kuwa da na ɗauko zancen sai ya ce in ƙyale shi, malamin makaranta bai san kan kiɗa ba.

Gidanmu yana Birnin Kebbi, gonar shinkafarmu tana fadamar Zauro. Shekarar da nake magana damina ta yi ƙarfi, ciyawa ta rufe shinkafa, Baba kuma ciwon ƙafa ya hana shi sakat. Wanda ya san fadama ya san in ruwan gulbi ya hau kafin a nome, to sai dai a tsaya bakin gona a yi kallo. Sai Baba ya kira gayya, ya kuma aika Argungu a gayyato wani tsohon makaɗin noma da duk ƙasar Kabi ake ji da shi. Ina hutun makaranta, don haka ni ma aka miƙo mini fartanya, duk da hannuna ya fi sabawa da alli.

Yaya ne mai share fage. Aikinsa ya fara kiɗa da safe don jiki ya saki, ya riƙe mutane har babban makaɗi ya iso. Amma akwai inda ba ya taɓawa. Kowane shahararren manomi yana da takensa, wato kiɗan da in aka buga shi ya san da shi ake, wani ma tun daga kakansa ya gada. Manomi in ya ji takensa ba ya sake ɗaga kai sai ƙarfinsa ya ƙare. Shi ya sa mai share fage ba ya buga taken kowa. In ya buga, ya shanye ƙarfin mutane, babba ya zo ya tarar ba sauran wanda zai motsa.

Yaya ya fi kowa kiyaye wannan, don yana da abin da yake nema. Ya daɗe yana zuwa Argungu gaishe da tsohon, yana so ya ɗauke shi cikin yaransa. Tsohon ya san taken manoman da suka shuɗe, da kirarin gidajensu, abubuwan da ba su bakin kowa sai nasa, Yaya kuwa su yake kwaɗayin koya. An ce masa a wannan gayya za a duba hannunsa da ladabinsa, sannan a ba shi amsa.

Da sassafe muka shiga gona. Yaya ya rataya gangarsa yana bin bayan masu noma, yana kiɗa mai sanyi, irin wanda ba ya tayar da kowa kuma ba ya barin kowa ya yi barci. Mutane suna noma suna hira. Manyan manoman, waɗanda ake jira su raba aikin nan biyu, sai tausa ƙasa suke yi kawai, suna waiwayen hanyar mota. Ni dai ban ga laifinsu ba, don tafin hannuna ya riga ya fara kumbura.

Hantsi ya yi, tsoho bai zo ba. Rana ta ɗaga, shiru. Daga baya muka ji motar da ta ɗauko su ce ta lalace a hanya, amma a lokacin ba wanda ya sani. Gayya kuwa yini guda ce, da azahar kowa zai kama gabansa, gobe yana da tasa gonar. Ko rabi ba mu ci ba. Can ƙasa, wajen gonar maƙwabcinmu, ruwa ya riga ya kwanta cikin shuka yana ƙyalli.

Baba ya dogara sandarsa ya zo inda Yaya yake. Ina kusa, na ji su.

"Mi kaka jira?"

"Baba na Argungu nika jira. Shina tahe."

"To." Baba ya dubi wajen ruwan, ya daɗe. "Ruwa dai sun taso."

Ya koma gindin bishiya ya zauna. Da Baba ya umarce shi, da abin ya zo wa Yaya da sauƙi, sai ya ce wa tsohon tilasta shi aka yi. Amma Babanmu ba ya tilasta ɗa a kan sana'arsa, sai ya bar maka kayan a kanka ya tafi.

Yaya ya ci gaba da kiɗansa mai sanyi na ɗan lokaci. Ya dubi hanya, ya dubi Baba. Sai na ga ya gyara ratayar gangar, ya juya wajen wani ƙaton manomi ɗan Zauro da ke kan gaba, ya buga masa takensa. Mutumin ya tsaya cak, ya cire riga ya yar, ya yi kururuwa ya duƙa. Yaya ya juya kan na biyu, ya juya kan na uku. Hira ta mutu. Ba ka jin komai sai ganga da saran fartanya. Ni da ba ni da take, ko na gado babu, sai da na tsinci kaina ina noma kamar da gaske. Ban taɓa jin Yaya ya yi kiɗa irin na ranar ba, kuma na ji daɗinsa har cikin raina.

Kafin azahar mun fita ƙarshen gona. Mutane suka zube a inuwa suna shan fura, wasu ko magana ba sa iyawa. A nan tsoho ya iso da yaransa, da ƙafa, sun sha rana. Ya dubi gona, ya dubi mutanen da ke kwance. Bai sa an kwance gangarsa daga zanen da aka naɗe ta ba. Ya gaisa da Baba, ya yi barka da aiki, ya sha fura. Yaya ya durƙusa zai ba da haƙuri, tsohon ya ɗaga masa hannu.

"Tun daga hanya nij jiyo ka. Hannunka ya nuna."

Ni a wautata na ɗauka an gama, an karɓe shi. Yaya kuwa bai yi murmushi ba.

Kwanaki kaɗan ruwa ya hau, ya tarar da shinkafa tsaf. Da kaka ta yi muka samu abin da ya riƙe gidan har wata damina. Yaya ya ɗebi shinkafa sabuwa ya ce in raka shi Argungu. Muka tarar da tsohon a zaurensa bisa tabarma, yaransa suna zaune a ƙasa daga gefe, yadda aka saba. Yaya ya nufi wajensu zai zauna.

"A'a," in ji tsohon. Ya matsa, ya dafa tabarmar kusa da shi. "Taho nan. Wanda yab buga ma manya takensu sunka amsa, ba ya zama ƙasa gabana."

Yaya ya yi ta noƙewa, tsohon ya nace, dole ya hau. Aka kawo abinci suka ci kwano ɗaya. Suka yi hirar damina da tsadar fatar ganga. Tsohon ya karɓi shinkafa ya sa albarka, ya rako mu har ƙofa, abin da bai taɓa yi wa Yaya ba. Zancen koyo bai taso ba.

A mota muna komowa Birnin Kebbi na kasa yin shiru. Na ce, "Yaya, ka ga girman da anka yi maka yau? Gaban yaranai hwa!"

Bai dube ni ba, yana kallon fadama ta taga.

"Kai ba ka gane ba. Wanda anka aza bisa tabarma ba a koya mishi komi."

Ya ci gaba da zuwa gaisuwa duk shekara, kullum kuma tabarmar ake ba shi. Da tsohon ya rasu mun je ta'aziyya tare. A hanyar dawowa Yaya ya yi ta lissafo mini sunayen manoman dauri na Kabi ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ya san labarinsu sarai, amma bai san yadda ake buga taken ko mutum guda a cikinsu ba.