Sunan da Ban Rubuta a Kaye Ba

Wata Laraba bayan yankan gero, shekarar da nake aji biyar a lakwal, na tsaya a bakin filin unguwarmu da ke gefen Tasawa da tulu a ka, ina kallon shanun Baffa Jauro sun jeru a jikin wayar shinge. Kowace kaka nan yake sauka da iyalinsa idan sun dawo kiwo daga wajen Isawan. A wannan shekarar sai suka tarar an kewaye filin, an dasa ƴan itatuwan dogon yaro, an kafa bencina na siminti. Shanun suna ta tura hanci cikin wayar, ba wanda ya kore su.

Ni na san yadda aka yi, don da hannuna a ciki. Tun da damina mutanen meri, wato ofishin magajin gari, suka zo da maganar mayar da filin wurin hutawa da wasan yara, suka zaɓi mutum uku su bi gida gida su ji bakin jama'a. Babana na cikinsu. Aka ba shi riga mai tambari da kaye, wato littafin rubutu, shi kuwa ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, sai na zama marubuciyarsa. In na dawo daga lakwal, na daka hura, na ba awaki dusa, sai mu fita, shi a gaba da rigarsa, ni a baya da bik na rubutu a bayan kunne ina jin kaina kamar wata madam mai koyarwa a lakwal. Baba mutum ne mai son gaskiya har ta gajiyar da mutane. Ba gidan da muka tsallake, har na tsohuwar da ba ta ji sai an yi mata ihu. Maganarsa kullum ɗaya ce: "Ƙofa guda, suna guda, kada gobe wani ya ce ba a tambaye shi ba."

To, su Baffa Jauro ba su da ƙofa. Bukkokinsu na kara ne, da ruwan farko suke tashi. Ba wanda ya tuna da su sai ni, don ƴarsa Dija ƙawata ce, da ita muke carafke a gindin aduwa, ita take ba ni kindirmo a ɓoye. Ranar da muka gama zagaye sunanta ya zo mini har baki. Na dubi Baba yana murna, na dubi shafina tsaf ba ko gogewa, na rufe kayen.

Ranar Larabar nan Baba ya fito ba rigar, ya gaida Baffa Jauro, suka daɗe a tsugune ba wanda ya ɗaga murya. Dija ta matso kusa da ni ta ce, "Ke ma kin sani?" Na ce, "Ni rubutu kawai na yi." Ta gyaɗa kai. Kafin la'asar sun ɗaure kaya a kan jakuna sun yi gabas. Ban yi kuka ba, ban ji komai ba, na kai ruwan gida na juye a randa.

Ba su sake sauka a Tasawa ba. Yau filin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, ƴaƴana can suke ƙwallo da yamma, ni kuma in zauna a benci ina jiransu. Itatuwan kusurwar da shanu suke kwana a da sun fi sauran tsawo da inuwa, mutane har mamaki suke yi. Kayen yana nan cikin akwatin marigayi Baba. A shafin ƙarshe akwai sauran layi huɗu da ba a rubuta komai ba.