Yadda Iya Elewa Ta Raba Wa Tagwaye Tsalle

Basira mai niƙa ce ta fara ba ni labarin Iya Elewa, nan bakin layinmu a unguwar Mokola, ranar da na kai mata tattasai injin ya ƙi tashi muka zauna jira. Daga baya na san matar da kaina, har muka zama 'yan sahu ɗaya a masallacin Juma'a, ta cike mini inda Basira ta tsallake. To ga yadda na ji. In na ƙara ko na rage, Allah Ya yafe mini.

Sunanta na yanka Nimota, amma a gidansu Idowu ake ce mata, don ita ce ta biyo bayan tagwaye. Yayyenta biyu maza ne. Uwarsu ba ta taɓa ba ɗaya abu ta hana ɗaya ba. Riga iri ɗaya, kwano ɗaya, in ɗaya ya yi laifi har wanda bai yi ba sai an ɗan ja masa kunne. Duk mako a dafa musu wake da manja a raba wa yaran unguwa. Shekarar da suka cika tara, kawunsu ya zo daga Oyo ya ɗauki ɗaya ya tafi da shi karatu. Ba a yi wata biyu ba zazzaɓi ya ɗauke na gida, na Oyo kuma ya bi shi kafin damina ta fita. Rai da mutuwa na Allah ne, ni na sani, ita ma ta sani, don mace ce mai sallah da azumi. Amma tana 'yar shekara shida ta ga uwarta tana birgima a tsakar gida tana cewa, "An raba su, an raba mini su," kuma maganar nan ba ta taɓa fita daga kunnenta ba.

A wajen dafa waken tagwayen nan ta koyi sana'a. Shekara wajen arba'in tana sayar da wake da burodi a bakin tasha, har sunan Nimota ya ɓace, kowa sai Iya Elewa, wato uwar wake. Mijinta direba ne, ya rasu da wuri, da tukunyar nan ta raini ɗanta guda, Mukaila, har ya zama mai gyaran firji. Ya auri Ronke, malamar makaranta. Haihuwar Ronke ta fari sai ga tagwaye, Taiwo namiji, Kehinde mace. Ranar suna Iya ta miƙa wa 'yar ƙanwarta tukunya da ludayi, ta ce ta gama da tasha. Tun daga nan yaran nan ne aikinta, su ne hirarta. Iyayen su fita da safe, ba sa dawowa sai yamma, ita ke ɗauko su daga makaranta, ta ba su abinci a kwano ɗaya.

Suna shekara bakwai Mukaila ya shigo da gadon tsalle. Wani da yake wa gyara a unguwar Bodija ne zai tashi daga gida, ya ce ya ɗauka wa yara. Kun dai san shi, wani faffaɗan abu zagayayye mai ƙafafun ƙarfe, da baƙin ƙyalle a miƙe a tsakiya, sifirin ya zagaye shi. Mukaila ya kafa shi kan simintin tsakar gida, gab da katanga. Ragar da ake zagaye shi da ita kuwa ya ce sai gobe. Goben ba ta zo ba. Iya ta ga raga mai kyau tana zaman banza, ta ɗauka ta killace lalonta saboda kaji.

Ronke ce ta karanta takardar da ta zo da shi. Ta durƙusa ta ce, "Mama, sun rubuta yaro ɗaya ne zai riƙa hawa, in ya sauka ɗaya ya hau."

Iya ta ce, "Wa ya rubuta?"

"Masu yin sa."

"Masu yin sa sun taɓa haihuwar biyu? Uwar biyu, ke karatu ne ya yi miki yawa. Wata tara suna tsalle tare a cikinki, wa ya karye? In ɗora ɗaya, ɗaya yana ƙasa yana kallo da ido? Ba a gidan nan ba."

Mukaila ya ce, "Ke ƙyale Mama, ai tana kallonsu." Ronke ta ninke takardar ta ajiye.

Kallonsu kam tana yi. Kujerarta na nan gefe, carbi a hannu. Sai dai tagwayen suna ɗaya ne a wajenta, ba ɗaya ba ne a jiki. Taiwo ƙato ne, ya gaji kakansa direba, in ya zauna wa wake sai an janye kwano. Kehinde kuwa 'yar firit, baki ya fi jikin.

Wata Laraba bayan la'asar suna sama su biyu, Taiwo na ta ihu wai shi jirgi ne. Ya yi sama ya dawo da duk nauyinsa daidai lokacin da Kehinde ke saukowa. Ba wanda ya faɗo ƙasa, ba wanda ya bugi wani. Yarinya dai ta yi ƙara ɗaya ta zube a tsakiyar gadon, ta riƙe ƙasan gwiwarta. Iya ta ce mini ba ta san lokacin da ta hau gadon nan da rarrafe ba, ita da ciwon gwiwa ya sa take sallah a zaune. Ta goya yarinya, ta ja hannun Taiwo, ɗankwali a hannu, ta tare mai Keke Napep sai asibiti. Duk hanya ba abin da ke bakinta sai Innalillahi, a zuciyarta kuwa tsakar gidan uwarta take gani.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Likitan, wata mata ce mai furfura, ta ɗaga hoton ta ce, "Mama, ku gode wa Allah. Tsagewa ce, ƙashin bai goce ba. Mako shida a filasta, za ta taka kamar ba a yi ba."

Iya ta zauna a ƙasa dirshan, ta ɗaga hannu biyu. Da ta samu numfashi ta ce, "Likita, amma fa ba ta faɗo ba. Ina kallo. Ko dai hannun mutane ne?"

Likita ta yi dariya ta ce, "Hannun wa, Mama? Ƙafar ɗan lukutin nan ce. In babba ya dira, ƙyallen yana nutsewa ya taso da ƙarfi. In ya tarar da ƙafar ƙarami tana saukowa, kamar ta diro daga kan katanga ne a kan siminti. Kullum ƙaramin ne ke shan wahala. Na ga wanda wuyansa ne, ba ƙafa ba. Ɗaya bayan ɗaya, Mama. A sa raga, a rufe sifirin, ban da alkafura."

Ronke ta iso daga makaranta da alli a hannun rigarta. Ba ta yi faɗa ba, da ma ba mai ɗaga murya ba ce. Sai da aka kwana biyu ta sami surukarta tana tsince wake, ta durƙusa ta ce, "Mama, ba raini ba ne. In aka cire filastar nan, ko dai su riƙa hawa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma in sun tashi makaranta su wuce gidan yayata a unguwar Eleyele, mu ɗauko su da yamma."

Iya ta ce, "To a ba 'yan gwangwan gadon mana, kowa ya huta."

"Mama, akwai irinsa a gidan su Tobi abokin wasansu nan baya, can za su tafi inda ba mai kallonsu. Kuma yau gado ne, gobe keke ne, za ki ce su hau su biyu. Ba gadon nake tsoro ba."

Maganar nan ta zauna wa Iya a ƙirji. In ta yarda, ta raba tagwaye da hannunta. In ta ƙi, an raba ta da su. Mako shidan nan ta rame. Gadon aka jingine shi da katanga, ta hana Taiwo ko taɓa shi, tunda 'yar'uwarsa ba ta iyawa. Shi kuma ya yi ta kumbure-kumbure yana ce wa kakar tasa da sunan da suke kiranta, "Mama Agba, ni ƙafata lafiya lau!" Ta ce, "Maigidana, yi haƙuri, ƙafarka ce ta ja mana."

Mukaila dai kunya ta kama shi, ya yi abin da ya kamata tun farko. Ya mayar da gadon filin da ke bayan gidan inda ƙasa take a baje, nesa da katanga da rijiya, ya zuba yashi kewaye. Ya kwance raga daga lalon uwarsa ya wanke ya ɗaura, ya sa mai kujeru ya ɗinka soso ya rufe sifirin. Kaji suka cinye lalo tas.

Aka cire filasta, likita ta ƙara musu wata guda na jira. Ranar Asabar da watan ya cika, da hantsi, kowa na can wajen gadon. Ronke na tsaye ta harɗe hannu. Iya na kan kujerarta, ta riga ta yanke a ranta cewa ko su shiga tare ko kada kowa ya shiga, in ya so Eleyele ta ɗauka. Ta ce mini bakinta har ya buɗe.

Mukaila ya zuge ƙofar ragar. Kehinde ta matso, ta leƙa, ta dubi ƙafarta, ta ja da baya. Sai ta juya ta zunguri ɗan'uwanta.

"Kai, shiga ka duba mini in lafiya."

Taiwo ya ce, "Ni ɗan aikenki ne?"

"Tun a ciki ma. Ba ni na aiko ka ka ɗanɗana duniya ba? Da ka yi kuka na ji lafiya sannan na fito. Ni ce babba. Tambayi Mama Agba."

"Babba a ina, ke da iska ke ɗauka!"

"Ɗan aike dai. Shiga, buhun wake."

Iya ta rufe bakinta. Labarin nan ita ta ba su shi, ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, haka kowace kaka a garin nan ke gaya wa tagwaye: na farkon fitowa ɗan aike ne, na bayan shi ne babba. Shekara sittin tana riƙe da cewa ba a raba tagwaye, ba ta taɓa tsayawa ta lura ba cewa Ubangijin da Ya halicce su tare, da Ya tashi fito da su ɗaya bayan ɗaya Ya fito da su. Ungozoma ma sai da ta jira minti ashirin tsakanin Taiwo da Kehinde, ita Iya tana bakin ƙofa tana jin kukan ɗaya. Wannan jiran bai raba su ba.

Ta fashe da dariya har da hawaye. Ta ce, "Maigidana, babbar yaya ta yi magana. Shiga kai kaɗai. Tsakiya za ka tsaya, in na ga alkafura sai na saɓa maka."

Ronke ta ce, "Mama, kin yarda ke nan?"

"Uwar biyu, ke ma da kika haife su ai layi suka bi. Zuge ƙofar nan."

Saura rabo, don Iya ba za ta yarda ɗaya ya fi ɗaya ko da tsalle guda ba, ga shi ba ta iya duba agogo ba. Sai ta ɗaga carbinta. Zagaye ɗaya na Taiwo, yatsu na ja, ido na kan yaro. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Sauko." Ya fito yana haki ya ce wa 'yar'uwarsa, "Duniya lafiya, ranki ya daɗe." Kehinde ta shiga a hankali, ta yi ɗan ƙaramin tsalle, ta ƙara, ta ƙara, ƙafa ta ɗauka. Ronke ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ba a sake ambaton Eleyele a gidan ba.

Yanzu tagwayen suna shekara tara, shekarar da Iya ta fi tsoro, kuma ga su nan garau, Alhamdulillahi. Yaran layin ma sun gano gidan. In kun bi ta bayan gidan Mukaila bayan la'asar za ku gan su a jere jikin katanga, takalma a cire, aljihu a zazzage, Iya tana tsawata wa mai son kutsawa ƙarƙashin gadon. Wanda bai kai shekara shida ba ta ba shi wake a leda ta ce ya zauna ya yi kallo. In za ta tashi alwala sai ta sauko da na sama, ta zuge raga, ta ɗauke ɗan tsanin ta shiga da shi ɗaki. Shekaranjiya na je na tarar da ita a kan kujerar, ta ce in zauna amma kada in sa ta magana, Kehinde na sama kuma saura mata ƙwaya goma sha ɗaya.