Doguwar da ke kunna fitilun Tankari

Ban taɓa mantawa da ranar da na kama wanda ke kunna fitilun motar Tankari ba. Ku sababbin shiga garaji da kuke jin manya na kirana Doguwa, alhali rufin mota ma ba na kaiwa sai na taka benci, to ga inda sunan ya fito.

Lokacin ni ne mai gyaran lantarkin motoci a garajin wani firoje, wato shirin taimako na haƙa rijiyoyi, nan Dogon Dutsi. Tsarinmu shi ne direba ya kai kukansa ga shef, wato shugaban garaji, shef ya rubuta takardar aiki, ni in yi aikin, in sa hannu cewa na gwada kuma komai lafiya. Ofis ba ya leƙa cikin mota, sa hannun nan kawai yake dubawa.

Tankari dattijon direba ne, saura masa shekara biyu ya yi ritaya. Katkat ɗin, wato motar shiga daji, da ke kai maginan rijiya ƙauyukan Dogon Kiriya ita ce a hannunsa. Wata rana yana ja da baya da almuru ya daki wata tsamiya a wani ƙauye, sai shef ya ce in ƙara masa manyan fitilu biyu a baya, waɗanda za su kama da kansu in ya sa giyar baya.

Aikin ba wuya. Na huda ƙarfen rufi, na ɗaure fitilun, na bi da waya ta ƙarƙashi har makunnin da ke jikin akwatin giya. Makunnin nan daga kontak yake samun wuta, wato sai an murɗa makulli yake aiki. Sai na tarar ɓera ya cinye wayar da ke zuwa daga kontak ɗin. Ranar Juma'a ce, an kusa kiran salla, ni kuwa ina ji da kaina, sai na jawo masa wuta kai tsaye daga batir ta fiyus. Na sa giyar baya, suka kama. Na fitar, suka mutu. Na sa hannu har da lanƙwasa ta ado.

Mako bai cika ba batirin Tankari ya mutu a daji, sai da shanu suka ja motar kafin ta tashi. Na canza batir. Ya sake mutuwa. Na auna komai a harabar garaji, na kwana biyu ina sa ido, fitilun ko ƙyaftawa ba su yi ba. Na rubuta cewa lantarki lafiya lau, direba ne ke mantawa da wani abu a kunne.

Tankari ya same ni har teburina. "Bawa, makulli na aljihuna. Mutanen garin sunka ce da la'asar hitilun na kamawa su kaɗai, suna kallon tsamiyar nan. Gwaggona ta ce doguwar icen ta, aljanar da ke ciki, na taɓa mata gida."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Shef kuwa, matashi ne mai wa'azi bayan sallar azahar, bai yi dariya ba. Ya ce maganar doguwa ba ta shiga takardar aiki, kuma da batir ya mutu karo na uku ofis ya riga ya rubuta takardar sallamar Tankari, saura sa hannunsa. Tankari ya tsaya riƙe da hularsa, mutumin da bai taɓa kashe ko kaza da mota ba. Shef ya ce gobe mu tafi mu uku ya gani da idonsa, in ba a ga komai ba, shi ke nan.

Mun isa ƙauyen rana ta take. Gwaggon Tankari, tsohuwar 'yar bori, tana zaune gindin tsamiyar da kaskon turare da baƙar kaza ɗaure. Wurin gangare ne. Tankari ya tsaya, ya kashe mota, ya danna giya baya, ya zare makulli, ya fita abinsa bai waiwaya ba. Ni na fito ta ƙofar baya, na zagayo, sai ga fitiluna biyu sun zuba mini ido.

Na ce, "Baba Tankari, don mi kas sa ta baya?"

Ya ce, "Birkin hannu ya mutu tun bara. In ban sa ta baya ba a gangare, sai mu iske ta cikin rijiya."

Nan take na gane. Harabar garajinmu shimfiɗe take, can dutse kawai yake sa wa taya. Shi ya sa doguwar ba ta taɓa shiga gari ba. Ni kuma da na gwada aikina, ban taɓa zare makulli ina cikin giyar baya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, shaiɗan ya zo mini da shawara mai kyau. Shef ya riga ya nufi bakin rijiya, filaya na aljihuna. In shige ƙarƙashi, in datse wayar, Gwaggo ta yanka kazarta, kowa ya ce magani ya ci. Har na durƙusa. Sai na tuna shef ba zai ga komai ba ke nan, kuma abin da ya ce zai yi in bai ga komai ba yana cikin jakarsa.

Na miƙe na ƙwala masa kira. Ya zo, Gwaggo ta taso, rabin ƙauyen ya biyo ta. Na ce wa Tankari ya taka birki ya fitar da giya. Fitilu suka mutu. Ya mayar, suka kama. Sau uku muka yi, jama'a na salati.

Na ce, "Shef, ba mantuwa ba ta, ba doguwa ba ta. Ni na. Ni nij jawo wuta daga batir, ni kuma nis sa hannu."

Gwaggo ta ƙare mini kallo daga hula har takalmi, kallon bai ɗauke ta lokaci ba. Ta ce, "Ɗana, na daɗe ina hulɗa da doguwa, ban taɓa ganin gajera mai gemu ba sai yau."

Shef ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe fuska, ya kasa. Ya ciro takardar sallamar ya yaga, ya ce tawa takardar neman bayani tana jirana ranar Litinin, shi ma kuma zai amsa tambaya kan birkin hannun da aka kai masa kukansa tun bara. Na kwanta cikin yashi na mayar da wayar kan kontak, minti goma bai cika ba. Kazar kuwa Gwaggo ta ce tunda an ga doguwar ido da ido, a ba ta abarta. A kan cinyata kazar ta dawo Dogon Dutsi, ta kuma bar mini shaida a wando.

A hanyar dawowa, Tankari na tuƙi har muka wuce garin Kiyeshe. Can ya ce, "Bawa, da ka datse wayar nan, da ban sani ba har in mutu." Ashe ya gan ni lokacin da na durƙusa da filaya. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba.

Shi ya sa duk wanda ya haɗa fitila a garajin nan nake sa shi ya zare makulli, ya bi giya ɗaya bayan ɗaya, ya zagaya bayan mota ya duba, sannan ya tambayi direba yadda yake ajiye ta a daji. Mota ba a harabarmu take aiki ba. Kuma kafin ku rubuta cewa laifin direba ne, ku tuna abincin gidan wani ne a ƙarƙashin biron. Tankari ya yi ritayarsa lafiya. Har yau in ya gan ni a kasuwa, sai ya dafe ƙirji ya ja da baya, ya ce a kawo turare.