Siraran Ƙafafu da Kwandon Tumatir

Boko dai ban yi nisa ba, malamin da kansa ya ce in je gida in huta. Amma a shekarun tamanin, da ruwan kanal ya ratsa gonakinmu na Bunkure, kowa ya zama mai tumatir, har da ni. Kekena shi ne motata, baƙi, mai nauyi, ƙafafunsa jibga-jibga. Da shi nake fitar da kwanduna zuwa bakin titin Zariya, inda motocin Kudu suke lodi.

Wata rana a Garun Malam na ga 'yan tseren keke sun wuce fuu, da gajerun wanduna, kowa ya duƙa. Na ƙura wa ƙafafun kekunansu ido: sirara, sai ƙyalli. Na ce ashe nan gudun yake. Na sayar da tunkiyar gida na nufi birni, shagon da ake sayar da irin ƙafafun.

Mai shagon ya ce, "Malam, me za ka ɗora a kansu?"

Na ce, "Ni."

Ban yi ƙarya ba, kwandon ne kawai ban ambata ba. Mai gyaran keke a Kura ya sha gumi kafin ya ɗaura su, na bar masa tsofaffin ƙafafun ladan aikinsa.

Sai tumatirina ya nuna gaba ɗaya. Dillali ya ce mota za ta tashi da la'asar, wata kuma sai bayan kwanaki, kuma nunannen tumatir ba ya jiran kowa. Abincin gidana na rani yana cikin wannan tsinkar. Na cika babban kwando, na ɗaure a kariyar bayan keken, na hau gefen kanal.

Da farko, wallahi, kamar iska ke tura ni. Har na ɗan duƙa irin nasu. Ina sauka daga kwalbati sai na ji ƙas, ƙas, ƙas, wayoyin ƙafar keken suna tsinkewa. Ƙafar baya ta lanƙwashe kamar faifan da aka zauna a kai.

Na tura, ya ƙi. Na ja, ya ƙi. Na kwance kwandon na ɗora a ka, ban yi nisa ba wuyana ya ce bai yarda ba. Rana ta take, ruwan tumatir yana bin ƙeyata, kowane ɗigo ji nake kamar jinina ne. Babu addu'ar da na sani da ban karanta ba.

Can sai ga taubashina a kan jaki.

"Kai, ɗan tsere! Ina gajeren wandon?"

"Don Allah, don Annabi, ara mini jakin nan."

"Ai ƙafafunsa masu araha ne, ba su dace da babban mutum irinka ba."

Na durƙusa na riƙe igiyar. Ya dubi idona, dariyar ta ɗauke. Ya sauka muka ɗora kwandon, shi yana tallafe da gefe, ni da gefe. To, jaki bai san dillali ba. Na roƙe shi, na zage shi, na kira shi Alhaji, tafiyarsa dai ita ce tafiyarsa. Muna hango rufin gidajen Kadawa, garin da ke bakin titin, aka kira la'asar.

Da muka isa titi, ba mu tarar da komai ba sai ruɓaɓɓen tumatir da sawun taya.

Taubashi ya zaro wuƙarsa ya miƙo mini. Nan muka zauna muna tsaga tumatirin muna shanyawa a ƙasa. Da ya bushe na sayar, bai dawo da ko jelar tunkiyar ba. Ranin nan tuwo ba kullum ba.

Matata ba ta yi faɗa ba, gara ma ta yi. Ta cire ƙafar gaban, wadda ta tsira, ta yi ƙofar akurki da ita.

Masu tambayata ko ƙafafu masu tsada sun ci kuɗinsu, ina ce musu ga mai gajeren wando a kan kwalta, mai yiwuwa. A gidana kuwa, muzuru bai ƙara cin kaza ba.