Tsiron da ya fito wa surukata a dasashi

A jikin asuwaki na fara ganin jinin. Matar babban ɗana ce ta jefar da shi bayan rumbu, ni kuwa ba abin da ke faɗuwa a gidana ban gani ba. Lokacin ba a daɗe da mai da Dutse babban birnin jiha ba, muna zaune a ƙauyenmu ta wajen Jahun.

Cikin fari ne da ita, kuma a wurinmu suruka ba ta cin abinci gaban uwar miji, balle ta buɗe mata baki. Sai ta riƙa rufe fuska da gefen mayafi, ana yabon kunyarta. Ni dai tuwon da take mayarwa nake kallo, da yadda wuyanta ke ramewa. Mai ciki ba ta ci, me ɗan zai ci?

Na tare ta a bakin murhu. "Buɗe bakinki."

"Inna, ba komai."

"Ban tambaye ki ba. Buɗe."

Tsiro ne ja a dasashi, kamar ƙwayar wake, ko tuwo ya taɓa shi sai jini.

Maigidana ya kirawo wanzami, ya zo da zabirarsa. Ya ce, "Wannan ai bai kai belu ba, yanzu zan cire."

Na ce, "Abin da tuwo ke sa shi jini, ina ga aska? Mai da ita kube."

Ya tafi yana cewa tsofaffin yanzu sun fi yara tsoro.

Ranar kasuwa na sa ta a mota muka je asibiti. Likita ta duba, ta ce cikin ne ya kawo shi, galibi yakan motse bayan haihuwa. Kada a yanka a gida. A kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, a wanke haƙori a hankali, in jini ya zo a danne da tsumma mai tsabta. In ya ƙi tsayawa ko ya hana ta ci, mu dawo.

Da muka koma na dama kunun gyaɗa, na kawo kindirmo, na zauna gabanta da ludayi biyu. Ta sunkuyar da kai.

"Ki ajiye kunyar nan, in kin haihu kya ɗauka."

Ta yi dariya, ta sha. Haka muka riƙa ci a ƙwarya ɗaya, maƙwabta na ta magana, har iyayenta suka zo daga Buji suka tafi da ita goyon ciki.

Bayan arba'in ta dawo da 'ya mace mai kumatu. Ta kuwa ɗauki kunyarta, ba ta ƙara ci a gabana ba. Ban ce ta buɗe baki ba. Daga bayan rumbu nake jiyo ta tana ɓantarar rake da haƙori.